Rashin tashin injin babur

Rashin tashin injin babur matsala ce da ake samu idan aka buga kik ko aka danna sitata amma injin ya ƙi kamawa, ko kuma ya kama na 'yan daƙiƙoƙi ya sake mutuwa. An fi samun ta a tsofaffin babura masu kafireta, musamman waɗanda suka daɗe a ajiye ko suka yi shekaru suna aiki ba tare da cikakkiyar kulawa ba. Injin fetur yana buƙatar abubuwa uku kafin ya tashi: mai da ya gauraya da iska daidai gwargwado, tartsatsin wuta a bakin fulogi, da kuma matsi a cikin silinda. Dole ne kuma wutar ta zo a daidai lokacinta. Duk binciken da makanikai ke yi yana komawa ne ga gano wanne daga cikin waɗannan ya ɓace.

Bayanin da ke wannan shafi ya fi shafar ƙananan babura masu silinda ɗaya, irin su Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017, da Honda CG125 da ya fito a 1975. Kamfanoni da dama, musamman na ƙasar Sin, sun kwaikwayi injinan waɗannan babura biyu, saboda haka abin da aka faɗa a kansu ya shafi babura masu yawa da ke kan titunan Afirka da Asiya.

Yadda injin yake tashi

Yawancin waɗannan injina suna aiki ne da tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a 1876. A bugun farko fistin yana sauka, bawul ɗin shiga ya buɗe, injin ya zuƙi mai da iska. A na biyu fistin ya hau ya matse su. Dab da ya kai ƙololuwa sai fulogi ya ba da wuta, cakuɗen ya ƙone ya tura fistin ƙasa da ƙarfi, wannan shi ne bugu na uku. A na huɗu bawul ɗin fita ya buɗe hayaƙi ya fice ta salansa. Kik ko sitata ba abin da suke yi illa juya injin har a sami bugun farko mai ƙarfi, daga nan injin ya ci gaba da juya kansa.

Fetur yana ƙonewa sarai ne idan aka haɗa kashi 1 nasa da kusan kashi 14.7 na iska, bisa nauyi. Amma injin da ya yi sanyi yana son mai fiye da haka, domin wani ɓangare na man yakan manne a jikin bututu mai sanyi ba ya zama tururi. Wannan shi ne amfanin cok, wanda ke shaƙe hanyar iska ko ya buɗe wata ƙaramar hanyar mai, don cakuɗen ya yi kauri. Shi ya sa babur da ke tashi da bugu ɗaya da rana yakan yi gardama da asubahin hunturu.

Abubuwan da ake fara lura da su

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, ƙwararren makanike yakan tambayi tarihin matsalar. Babur da ya mutu farat ɗaya yana cikin gudu, kamar an kashe makulli, yawanci matsalarsa ta wuta ce. Wanda ya riƙa shaƙewa yana jan numfashi kafin ya mutu, mai ne ya yanke masa. Wanda ya yi watanni wahalar tashinsa tana ƙaruwa a hankali, ana zargin bawul ko ringi. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan wanki ko ruwan sama, ko bayan wani gyara, to nan ake fara dubawa.

Sai kuma ƙananan abubuwan da ake rainawa, waɗanda su ne suka fi yawan hana babur tashi: tanki babu mai, famfon mai yana kan OFF, maɓallin kashe inji na hannun dama a danne, ko hular fulogi ta zame. Wasu babura na baya-bayan nan ba sa tashi idan jakin gefe yana ƙasa alhali suna cikin giya, ko idan ba a riƙe kuloci ba.

Yadda kik yake a ƙafa shi ma shaida ne. Idan yana da tauri a wuri guda sannan ya saki, akwai matsi. Idan yana faɗawa ƙasa babu turjiya, matsi ya zube. Idan ya ƙi motsi sam, ba a hawa kansa da ƙarfi, domin ko dai fistin ya kafe, ko ruwa ko mai ya cika silinda, kuma tilasta shi kan lanƙwasa sandar fistin. A irin wannan hali ana cire fulogi a sake gwadawa a hankali. In ruwa ne zai feso ta ramin.

Fulogi da wuta

Fulogi ne ake fara cirewa, domin yana ba da labarin mai da na wuta gaba ɗaya. Idan an yi ta buga kik amma bakinsa ya fito a bushe, mai ba ya isowa. Idan ya fito a jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa amma ba ya ƙonewa: ko babu wuta, ko man ya yi yawa. Launinsa kuma yana nuna yadda injin yake aiki kafin ya mutu. Ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙi mai kunkunniya busasshiya yana nuna mai ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana haurowa cikin silinda. Fari fat kuwa yana nuna ƙarancin mai da zafi fiye da kima.

Ana gwada wuta ta hanyar mayar da fulogin cikin hularsa, a jingina ƙarfen jikinsa da jikin inji, a kunna makulli a buga kik. Tartsatsi mai kauri, shuɗi, mai ƙara shi ake nema. Gwajin yana da rauni guda da ke ruɗar mutane da yawa: wutar da ta iya tsallake ratar fulogi a sararin iska tana iya kasawa a cikin silinda, saboda iskar da aka matse ta fi wuyar ketawa kuma tana buƙatar ƙarfin lantarki mafi yawa. Don haka siririn tartsatsi mai ja ko rawaya ba hujja ba ce cewa ɓangaren wuta lafiya yake. Ratar da ke tsakanin bakunan fulogi a irin waɗannan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Gwada sabon fulogi da aka tabbatar yana aiki shi ne hanya mafi sauƙi kuma mafi araha ta cire shakka.

Idan babu wuta ko da sabon fulogi, sai a bi layin baya. Hular fulogi takan tsage ko ta sha ruwa, kuma bakin wayar da ke shiga cikinta yakan yi tsatsa. Yanke ɗan guntu daga bakin wayar a sake murɗa hular yakan wadatar. Daga nan sai kwayil, wanda ke ɗaga ƙaramar wuta zuwa dubban bolt. Kwayil mai shirin mutuwa yana da halinsa: babur ya tashi lafiya da safe, ya mutu in ya ɗauki zafi, ya sake tashi bayan ya huce.

A babura masu maganeto, makulli ba ya ba inji wuta, kashe ta yake yi ta hanyar haɗa layin da jikin babur. Idan makullin ya lalace ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, wuta za ta ɓace ko da komai lafiya yake. A tsarin launin wayoyin Honda, wadda ke wannan aiki baƙa ce mai ratsin fari, koriya kuma ita ce ta jikin babur. Cire baƙar mai ratsin fari daga mahaɗinta a sake gwada wuta yana nuna ko laifin daga makulli ne.

Tsofaffin babura na kafin shekarun 1980 galibi suna amfani da kwantak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa yayin da injin ke juyawa. Fuskokinsu sukan ƙone, su yi datti ko maiƙo, ratarsu kuma takan canja saboda lalacewar ɗan robar da ke tura su. Ana goge su da lallausar takardar yashi, a share da tsumma mai tsabta, a daidaita ratar zuwa milimita 0.3 zuwa 0.4 a lokacin da suka buɗe iyakar buɗewarsu. A jikin filawil akwai alamomi biyu, F da T. Ya kamata kwantak ya fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin inji. Idan kwantak yana yawan tartsatsi yana saurin ƙonewa, kondansa ce ta mutu. Babura na baya sun koma amfani da akwatin CDI, wanda ba shi da abin da ke gogayya kuma ba a daidaita shi. In ya mutu sai dai a canja, kuma a gareji ana tabbatar da mutuwarsa ne ta hanyar gwada wani mai aiki. Kuskure ne da aka saba a fara sayen CDI alhali laifin yana ga kwayil ɗin cikin maganeto ko wani mahaɗin waya da ya yi tsatsa.

Akwai kuma lokacin da wuta take da kyau amma tana zuwa ba a kan lokaci ba. Wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata ne ke riƙe filawil a mazauninsa. Idan ya karye, filawil ɗin yakan goce, sai injin ya riƙa harbi ta kafireta ko salansa, ko kik ya riƙa dawowa da ƙarfi.

Batir

Ba kowane babur ne ke buƙatar batir kafin ya tashi da kik ba. Masu maganeto suna samar da wutar fulogi da kansu. Amma irin su Honda CD175 da CB350, da wasu masu CDI da ke shan wuta daga batir, ba za su tashi da mataccen batir ko ƙonannen fis ba. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 a kan mita, mai bolt 6 kuma kusan 6.3. Idan an danna sitata aka ji ƙas-ƙas kawai kuma fitilu suka dushe, batir ya yi rauni ko kawunansa sun yi tsatsa.

Mai da kafireta

A tsofaffin babura, musamman waɗanda aka ajiye, nan ne matsala ta fi zama. Ana bin hanyar mai daga sama zuwa ƙasa. Da farko a cire tiyon mai daga kafireta a buɗe famfo: ya kamata mai ya zubo sosai, ba ɗigo-ɗigo ba. In bai zubo ba, ragar da ke cikin famfon ta toshe da tsatsar tanki, ko tiyon ya lanƙwashe. A murfin tanki akwai wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke shiga ta cike gurbin man da ya sauka. Idan ta toshe, babur yakan yi tafiyar 'yan mintuna ya mutu, kuma da an buɗe murfin sai a ji iska ta shige, ya sake tashi.

Ingancin man shi ma abin dubawa ne. Fetur da ya yi watanni a tanki yakan rasa sassansa masu saurin kamawa, launinsa ya yi duhu, warinsa ya canja, ya bar wani abu kamar ƙaro a cikin kafireta. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yana kwanciya a ƙasan tanki da ƙasan kofin kafireta, inda ake zuƙar mai. Shi ya sa wani lokaci babur ke mutuwa da zarar an juya famfo zuwa RES, domin wannan layin daga can gindin tanki yake ɗebowa. A ƙasan kofin kafireta akwai sukuru na zubar da mai. Idan aka tari abin da ya fito a kwalba mai haske, ruwan zai bayyana a ƙasa. Man da aka gauraya da kananzir, wanda akan ci karo da shi a lokutan ƙarancin mai, yana sa wahalar tashi da safe da yawan hayaƙi. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol Najeriya, har hukumomi suka janye shi daga kasuwa bayan koke-koken lalacewar injina.

A cikin kafireta akwai kofi da mai ke taruwa, da wani abu mara nauyi da ke yawo a saman man yana tura allura ta rufe hanya idan kofin ya cika. Idan allurar ta maƙale a rufe, kofin zai bushe. Idan ta maƙale a buɗe, ko ɗan datti ya tokare ta, mai zai yi ta kwarara ta tiyon ƙasa, abin da makanikai ke kira obafulo. Ɗan bubbuga jikin kofin da ƙotar sukundireba yakan sake ta na ɗan lokaci, amma maganin gaskiya shi ne wanki.

Mai yana fita daga kofin ta jet biyu na tagulla. Babban jet yana aiki ne idan an ja totur sosai. Ƙaramin kuwa shi ke ciyar da inji lokacin tashi da lokacin silo, kuma kafarsa ba ta kai rabin milimita ba, don haka ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi. Alamarsa sananniya ce: babur ya tashi da cok amma ya mutu da an mayar da shi, ko ya ƙi tsayawa sai ana jan totur. Ana cire shi a wanke, a hura masa iska, a ɗaga shi sama a tabbatar haske yana ratsawa. Zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe yana faɗaɗa kafar, daga nan babur ya koma shan mai har abada. Silin waya guda na jan ƙarfe, wanda ya fi tagulla laushi, ya fi aminci. Sukurun iska da ke gefen kafireta akan murɗa shi a hankali har ya zauna, sannan a dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi a matsayin mafari, a ƙarasa daidaitawa bayan injin ya ɗauki zafi.

Akwai gwaji mai sauri da ke raba gardama. Ana zuba ɗan fetur kaɗan, ƙasa da cokalin shayi, ta ramin fulogi, a mayar da fulogin a buga kik. Idan injin ya kama na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, wuta da matsi suna nan, laifin na hanyar mai ne.

Akasin haka ma yana faruwa, wato mai ya yi wa inji yawa ya shaƙe shi, galibi saboda yawan buga kik da cok a rufe. Ana rufe famfo, a mayar da cok, a buɗe totur gaba ɗaya a buga kik sau da yawa don iska ta share silinda, a kuma busar da fulogi.

Matacin iska da ya cika da ƙura yana yin aikin cok da ba a nema ba, abin da ya zama ruwan dare a yankin Sahel lokacin hunturu. Wasu kan cire shi su yar don babur ya sami numfashi, sai dai ƙurar da yake tarewa ita ce ke cinye ringi da jikin silinda. Tsagewar robar da ke haɗa kafireta da inji kuma tana shigar da iskar da ba a auna ba, cakuɗen ya tsinke.

Matsi

Idan akwai wuta mai kyau kuma mai yana zuwa, saura matsi. Gwajin gaggawa shi ne a toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga kik: lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi. Da ma'auni kuwa, ana yin gwajin ne totur a buɗe gaba ɗaya, in ba haka ba adadin zai fito ƙasa da gaskiya. Ƙaramin injin bugu huɗu da ya sauka ƙasa da kusan psi 100, wato kimanin ba 7, yakan yi wuyar tashi. Idan aka zuba ɗan baƙin mai cikin silinda aka sake aunawa adadin ya hau, ringi ne suka cinye. Idan bai canja ba, iskar tana zurarewa ta bawul ko ta gasket ɗin kan silinda.

Kafin a yanke hukuncin sauke inji, ana duba ratar bawul, domin gyaranta na mintuna ne. Da tsufa bawul yakan nutse cikin mazauninsa, ratar ta ƙare, ya daina rufewa ruf. Ana aunawa injin yana da sanyi, alamar T tana kan saiti a bugun matsi. A injin Super Cub ratar milimita 0.05 ce, a CG125 kuma 0.08. Bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda ya yi tsit saboda matsewa, domin na biyun shi ne ke ƙonewa.

Injina masu bugu biyu

Babura irin su Suzuki A100, Yamaha YB100 da tsofaffin Vespa ba su da bawul irin na sama, kuma suna ƙona baƙin mai tare da fetur. Fulogoginsu sun fi saurin yin maiƙo, musamman idan an zuba baƙin mai fiye da kima. A cikinsu cakuɗen yana bi ta akwatin ƙasan inji kafin ya hau silinda, saboda haka idan robobin da ke toshe gefunan akwatin suka bushe suka tsage, injin ba zai iya zuƙar mai ba ko da matsin sama yana da kyau. Kunkunniya kuma takan toshe kafar fitar hayaƙi da cikin salansa.

Babur da ya daɗe a ajiye

Wanda ya shekara ko fiye a jingine ba a fara shi da kik. Ana zubar da tsohon mai, a duba tsatsar tanki, a wanke kafireta, a canja baƙin mai. Ana cire fulogi a ɗiga ɗan mai a silinda a bar shi ya kwana, sannan a juya injin a hankali. Ɓeraye sukan yi sheƙa a akwatin matacin iska su ci wayoyi, zanzaro kuma yakan gina ɗakinsa na laka a bakin salansa ko cikin tiyon iska. Farantan kuloci sukan manne da juna, don haka babur na iya zabura gaba da zarar an sa giya.

Haɗurra

Tururin fetur yana kamawa da ɗan tartsatsi, saboda haka ba a gwada wutar fulogi kusa da buɗaɗɗen raminsa idan silinda ta jiƙe da mai, ko kusa da kafireta mai zuba. Ba a riƙe fulogi da hannu tsirara lokacin gwaji. Buga kik ba tare da fulogin yana taɓa jikin inji ba yana iya lalata kwayil ko CDI. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar carbon monoxide, wadda ba ta da launi ko wari kuma tana kisa, don haka ba a tayar da babur a cikin ɗaki, zaure ko shago a rufe. Tayar da babur ta hanyar turawa ana yin sa ne a giya ta biyu, a fili mara cunkoso, kuma a babura masu kuloci mai sarrafa kansa irin Super Cub, ana danne sandar giya da ƙafa yayin turawa sannan a sake ta idan babur ya ɗauki gudu.